Wa Ya Naɗa Ka? Daga Bagadaza Zuwa Zuba



Akwai tambayar da ba a cika yin ta a fada ba matuƙar lafiya lau ake zaune, wato a dubi mai rawani a ce masa: wa ya naɗa ka? Uba ya rasu, masu zaɓen sarki sun zauna, an naɗa magaji, an buga tambari, kowa ya san inda abin ya fito. Sai ranar da mai naɗawar shi kansa ya faɗi, ko wani baƙo mai ƙarfi ya zo ya zauna bisa kan kowa, ran nan ne kowane ƙaramin sarki zai shiga lalube, yana neman abin da zai ɗaga wa jama'a ya ce ga hujjata. A nan ne kuma wata tambayar take ɓullowa, wadda ta fi ta farko nauyi gobe ƙiyama: wanda ya durƙusa wa mai ƙarfi don a bar masa kujera, ya ce don jama'a ya yi, makiyayi ne shi ko maci amana?

Kujerar Sarkin Hausawan unguwar nan da take jiran mai hawa ita ta sa muka ɗauko zancen. Amma za mu biyo ta doguwar hanya, a yi mana haƙuri. Jikokin fatake ne mu, zagaye ba ya ba mu tsoro.

A shekarar 1258, wato 656 bayan Hijira, rundunar Mangol, waɗanda littattafanmu na Islamiyya suke kira Tatar, ta shiga Bagadaza ƙarƙashin Hulaku, jikan Jankiz Khan. Aka kashe bayin Allah ba adadi, aka kashe Halifa Musta'asim. Daular Abbasiyawa da ta haura shekara 500 ta zo ƙarshe bayan ƙawanyar da ba ta kai ko wata guda ba. To, gaskiya tun kafin nan halifa ba shi da wani ƙarfin soja na a zo a gani. Abin da ya rage masa shi ne alƙalami da riga. Duk wanda ya ci ƙasa da takobi, daga Misra har Indiya, sai ya aika Bagadaza a rubuto masa takardar naɗi, a haɗo masa da rigar girma, shi kuma ya sa a riƙa ambaton halifa a huɗubar Juma'a, a buga sunansa a jikin kuɗi. Sarkin Delhi, Iltutmish, da nisansa da komai, sai da ya samu tasa a 1229. Takardar ba ta ƙara wa kowa doki ko ɗaya, amma ita ke raba sarki da ɗan fashin da ya yi sa'a, aƙalla a idon talaka. Da aka kashe mai rubuta ta, sai kowa ya zama kamar ɗan kasuwar da ya wayi gari an ce kuɗin da ke aljihunsa ba a karɓa.

Mu dubi Badaruddin Lu'ulu'u, sarkin Mausil a arewacin Iraƙi. Asalinsa bawa ne Ba'armene a gidan sarautar Zanki. Ya riƙe wa 'ya'yan ubangidansa mulki suna ƙanana, a hankali ya kawar da su ya haye. Ba shi da jinin sarauta, saboda haka a 1233 ya samo takardar halifa daga Bagadaza, har da laƙabin Malikur Rahim, wato sarki mai jin ƙai. Da iska ta juya sai ya nemi ta Mangol, ya sa sunan babban sarkinsu a jikin kuɗinsa. Da Hulaku ya nufo Bagadaza, Lu'ulu'u ya taimaka masa da mutane da kayan aiki. Ku lura da wannan fa: garin da aka rubuta masa takardarsa ta farko, shi ya taya rushewa don ya riƙe ta biyu. Bayan an gama, yana tsoho tukuf, ya yi tattaki ya je ya yi wa Hulaku gaisuwa. Ya mutu a 1259 bisa kujerarsa, ba a taɓa Mausil ba a zamaninsa. Ɗansa Salihu Isma'il ya juya wa Mangol baya ya koma wajen Misra, a 1262 suka zo suka ci garin, suka yi masa mummunan kisa, shi da jama'a masu yawa.

Can ƙasar Farisa kuwa akwai Abubakar ɗan Sa'ad, mai mulkin Shiraz daga 1226 zuwa 1260. Shi bai jira an zo ƙofarsa ba. Tun Mangol suna nesa ya aika musu da gaisuwa da haraji, suka ba shi laƙabi irin nasu, suka ƙyale shi. An ƙone Buhara, an mai da Naisabur kufai, amma Shiraz tana nan da kasuwanninta da makarantunta, malamai masu gudun hijira suna samun mafaka a ciki. A inuwarsa mawaƙin nan Sa'adi ya rubuta shahararrun littattafansa biyu, Bustan a 1257 da Gulistan a 1258, shekarar da Bagadaza ke cin wuta. Idan aka tsaya a nan sai mu ce ga makiyayi, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Sai dai shi ma da lokacin Bagadaza ya yi, sai da ya tura tasa rundunar. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Mutumin Shiraz da ya kwana lafiya a gidansa yana da dalilin yi wa sarkinsa addu'a, marayan Bagadaza kuma yana da nasa dalilin, kuma ba mu ga yadda za a yi a ce wa ɗayansu ƙarya yake ba.

Misra ta bi wata hanyar. Masu mulkinta a lokacin bayi ne da aka sayo suna yara aka koya musu yaƙi, su ake kira Mamalik. Sun tare Mangol a Ainu Jalut, cikin ƙasar Falasɗinu, a watan Satumba 1260, suka karya su. A hanyar komawa gida Baibaras ya kashe sarkinsa Ƙuɗuz, wanda ya jagoranci nasarar, ya hau. Ga shi bawa, ba uban da zai ambata, ga jinin ubangidansa a hannu. Me zai nuna? A 1261 sai ga wani mutum ya iso Alƙahira tare da Larabawan daji, aka ce baffan halifan da aka kashe ne. Aka tara alƙalai da malamai, aka kawo shaidu, aka tabbatar da nasabarsa, aka yi masa mubaya'a da laƙabin Mustansir. Shi kuma ya juyo ya naɗa Baibaras sarkin ƙasashen Musulmi. Wato Baibaras ya naɗa mai naɗa shi. Ba a jima ba ya ba halifan 'yar runduna ya ce ya je ya ƙwato Bagadaza, aka je aka hallaka shi a hanya. Aka samo wani daga cikin dangin, aka naɗa, shi kuma aka ajiye shi a Alƙahira, ana fito da shi ranar naɗin sarki ana mai da shi. Haka gidan ya zauna har 1517 da Turkawa Usmaniyawa suka ci Misra.

Abin da ya fi tsaya mana a rai daga Misra shi ne maganar Shehu Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ake kira Sarkin Malamai. Da Ƙuɗuz ya so ya ɗora wa talakawa haraji don shirin yaƙin Ainu Jalut, malamin ya ce bai halatta ba sai baitulmali ya ƙare, sai kuma manyan sojoji sun fito da zinariyarsu da kayan ƙawansu sun sayar, sun daidaita da kowa, sannan a taɓa na talaka. Ku riƙe mana wannan, za mu neme shi a gaba.

Kada kuma a ɗauka mai takobi shi ba ya neman takarda. Marubucin littafin Alfahri ya kawo labari cewa da Hulaku ya ci Bagadaza, ya sa an tara malamai a makarantar Mustansiriyya aka tambaye su: wa ya fi, sarki kafiri mai adalci ko sarki Musulmi azzalumi? Malamai suka yi tsit, kowa na duban ɗan uwansa, har Ibn Ɗawus ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa mai adalcin ya fi, saura suka bi. Mun sha jin ana kawo labarin nan a wa'azi don a yabi adalci, kuma malamanmu na ƙasar nan ma sun daɗe suna karantar da cewa zalunci ya fi komai saurin kayar da mulki. Ba mu ja da wannan. Amma a ganinmu tambayar tarko ce. Mai tambayar yana tsaye cikin gawarwaki, ya riga ya saka kansa a gurbin "mai adalci" tun a cikin tambayar, ba wanda ya isa ya ce masa: ranka ya daɗe, to kai wanne ne a ciki? Fatawa aka nema a kan magana ta gaskiya don a lulluɓe aikin da ba na gaskiya ba. Duk malamin da aka kira gidan mai iko a yi masa tambaya mai sauƙin amsa, ya kamata ya fara tunanin me ya sa ta yi sauƙi haka.

Mu 'yan kasuwa akwai wani labarin nasu da zai fi shiga kunnenmu. A 1294 wani sarkinsu mai suna Gaihatu ya ga baitulmali ya bushe, sai ya kwaikwayi Sin ya buga kuɗin takarda a Tabriz, har da kalmar shahada a jiki, ya ce duk wanda ya ƙi karɓa a kashe shi. 'Yan kasuwa ba su yi bore ba, rufe shaguna kawai suka yi. Abinci ya ɓace a gari, cikin 'yan makonni aka janye takardar. Mu da muka ga canjin kuɗi na 2023 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shekara guda bayan haka, a 1295, Gazan Khan ya musulunta ya hau mulki, zuriyar waɗanda suka kashe halifa suka koma su ma suna neman a yi musu addu'a a kan mumbari.

To ina ruwan Bahaushe da duk wannan? Da ruwansa mana. Wancan gidan halifa da Baibaras ya ajiye a Alƙahira, inuwarsa ta iso har yankinmu. Askiya Muhammadu na Songai, wanda ya ƙwace mulki daga gidan Sunni Ali a 1493, bai daɗe ba ya tafi hajji, marubutan Tumbuktu kuma suka ce ya dawo da naɗin halifa a kan ƙasar Takrur. Shi ma ba ɗan sarki ba ne, shi ma abin da zai nuna ya je nema. A zamanin ne Imam Suyuɗi ya aiko wa sarakunan Takrur wasiƙar nasiha daga Alƙahira, har da Sarkin Katsina Ibrahim a cikin waɗanda ya ambata. Sarakunan Hausa kuwa gabas suka fi duba, wajen Barno. A tsohuwar sarautar Zazzau akwai mai riƙe da muƙamin Magajin Malam, wanda ake ɗauka wakilin sarkin Barno ne, kuma shi ke naɗa sabon sarki.

Wannan ya kawo mu ƙofar gida. A shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya zo da tuta ya ci Zariya. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan gari aka far masa, bai samu komawa fada ba. Ya yi kudu da waɗanda suka bi shi har Zuba, garin Koro, wannan Zubar dai da muke zuwa sarin lemo da ayaba da kayan gyaran mota, a gindin Dutsen Zuma. Daga nan ya yi ta yaƙi har aka kashe shi wajen Lapai a 1825. Ɗan uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828, ya fara ganuwa a shekarar da ta biyo. Garin ya ci sunansa: Abuja.

Ku dubi halin da Abu Ja ya samu kansa. A Zariya akwai mai zaune a fadar kakanninsa, da tutar Shehu a hannu, Sakkwato ta san da shi, ana kiransa Sarkin Zazzau. Tuta a lokacin ita ce takardar halifa. Abu Ja ba shi da tuta, ba shi da birnin, kuma bai je Sakkwato neman a ba shi ko da dagaci ba. Abin da ya riƙe shi ne suna da tsari. Bai kira kansa sarkin sabon gari kawai ba, ya ci gaba da amsa Sarkin Zazzau, kamar yana cewa sarauta ba ginin ƙasa ba ce, tana inda masu ita suke. Aka sake naɗa Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, aka tsayar da Iya da Sarauniya, har Magajin Malam, kowa da wurin zamansa a fada kamar yadda ake yi a Zariya. Sun riƙe abin da kyau har ta kai ga masanin nan M. G. Smith, da ya so bayyana yadda ake mulkin Zazzau kafin jihadi a littafinsa na 1960, da tsarin Abuja ya yi aiki, ya dogara da tarihin da Malam Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda aka buga a 1952. Haka Katsinawan da suka kafa Maraɗi suka yi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa nasu. Haka Gobirawa a Tsibiri, haka Kabawa a Argungu. Zariya ta kawo wa Abuja hari ba sau ɗaya ba, ba ta ci ba.

Mu Hausawa muna jin daɗin wannan labari, kuma ya cancanci a ji daɗinsa. Amma a matsayinmu na mazauna ƙasar nan akwai rabin labarin da bai kamata mu tsallake ba. Wurin da Makau da Abu Ja suka sauka ba dajin Allah ba ne da babu kowa. Akwai Koro, akwai Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari ko da yake su sun fi son a kira su da sunansu, akwai Gade da Gwandara da Bassa. Sarki na uku a garin, Ibrahim, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, laƙabinsa Dodon Gwari. A fada kirari ne. A ƙauyen da ke kan dutse, inda aka hau don gudun mahaya, wani abu ne daban. Wanda a Zariya aka zalunta aka kora, shi ne a nan ya zama mai ƙarfin da ake durƙusa wa, kuma dagatan ƙauyukan nan su ma sun yi irin lissafin mai Shiraz: a kai gaisuwa a tsira, ko a ƙi a sha wuta. Ba mu faɗi haka don rage wa gidan sarautar daraja ba, Allah ya ja zamaninsu. Mun faɗa ne saboda hujjar da ta gamsar da Bazazzagi, wato jini da suna da tambari, ba ita ce za ta gamsar da wanda aka sauka a gonarsa ba. Shi abin da zai duba daban ne: tun da kuka zo, ina iya noma in girbe? Ɗana yana iya zuwa rafi ya dawo? Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, an fi tuna shi da buɗe hanyar fatauci da Zariya da Bida, kuma mu a sana'armu mun san buɗe hanya ba ƙaramar hujja ba ce.

Sai kuma Turawa. Sun shiga Abuja a 1902, Muhammadu Gani ya zama sarki a ƙarƙashinsu. A watan Maris 1903 suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya zaɓi komawa ya zauna da jama'ar da ba su iya tafiya ba, abin ya dame shi har ya rubuta wa malamai risala yana bayyana dalilinsa. Daga nan tuta ta kau, sanda ta zo, sandar da Gwamna ke miƙawa, mai daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na Zariya da na Abuja, masu tuta da waɗanda suka ƙi tuta, duk hannu ɗaya ya koma yana ba su sanda. Mun ji matasa masu zafin kai suna cewa Attahiru shi kaɗai ne namiji. Allah ya jiƙansa, namiji ne. Amma tsofaffi da mata da marasa lafiya da suka rage a Sakkwato, da masallatai da kotunan alƙalai, wani ne ya zauna ya tsare su, kuma damuwar da ta sa shi ɗaukar alƙalami ita ce shaidar cewa zuciyarsa ba ta mutu ba. Ba mu ji an ce mai Mausil ya rubuta wa kowa irin wannan risala ba.

Ƙarshen abin mamakin shi ne a 1976, da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar kafa sabon babban birni, sunan garin Abu Ja aka ɗauka aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare a nan ranar 12 ga Disamba 1991. Nijeriya guda, da sojojinta da man fetur ɗinta, sai da ta ari sunan wani ɗan gudun hijira. Gbagyin Wuse kuwa aka kwashe su zuwa Sabon Wuse.

Yanzu mu dawo unguwa. Masu neman kujerar nan kowa ya san su, ba sai mun kama suna ba. Akwai mai cewa mahaifinsa ne ya fara kafa bukka a nan tun ana jin kukan kura, wannan hujjar Abu Ja ce. Akwai wanda aka ce yana da takarda daga wajen manya, kuma lambobinsu suna cikin wayarsa. Akwai wanda ya je gida aka naɗa masa rawani a wata fada mai daraja, ya dawo da hotuna. Magoya bayan kowanne suna raina hujjar ɗan uwansa, har ana cewa wai abin kunya ne Sarkin Hausawa ya karɓi rawani daga hannun sarkin 'yan ƙasa.

A nan dai muna da ra'ayi, kuma za mu faɗe shi. Babu kunya a ciki. Baƙi ne mu, ko da an haifi 'ya'yanmu da jikokinmu a nan. Haka Hausawan Sabo a Ibadan suke zaune da Olubadan, haka na zangon Kumasi suke zaune da Asantehene, ba su ragu da komai ba. Rawanin da aka naɗo daga gida ado ne mai kyau, a sa shi ranar Sallah, amma sarkin da ya naɗa shi ba zai zo ya raba mu faɗan iyaka da maƙwabcinmu ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Bwari a watan Disamba 2017, da aka wayi gari kasuwa ta ƙone aka sa dokar hana fita, kuma rigimar sarauta na cikin abin da aka ce ya hura wutar, ba zai yi wasa da wannan magana ba. Rumfunan da suka ƙone, mai tumatir da mai gwanjo ne suka yi asara, ba masu rawani ba.

Takardar manya kuma ba ma raina ta. Unguwa irin tamu, wadda kowace shekara ake jin raɗe-raɗin rusau, wadda jan fenti a bango ke hana magidanci barci, tana bukatar wanda zai iya shiga ofis a saurare shi. Dole sarkinmu ya durƙusa wani wuri, wannan ba makawa. Abin da muka koya daga Shiraz da Mausil da Sakkwato shi ne a bar tambayar ko ya durƙusa, a tambayi me ya sayo da durƙuson, kuma daga aljihun wa aka biya. Mai takarda, me aka ce ka kawo a madadinta? Ƙuri'unmu ne? To an tambaye mu? Sunayen waɗanda za a ba fili in an tashe mu ne, kai za ka rubuta? Idan ranar askin kuturu ta zo, aka ce ka nuna gidajen da za a fara da su, ko ka yi shiru a rushe unguwar da ke maƙwabtaka da mu don a bar tamu, me za ka ce? Mai gado, mun san mahaifinka, Allah ya gafarta masa, ya kwana a ofishin 'yan sanda ba sau ɗaya ba don belin yaran da bai san iyayensu ba. Kai wa ka taɓa tsaya wa?

Ga kuma maganar Shehu Izzuddin da muka ce a riƙe mana. Sau nawa aka bi mu gida-gida, shago-shago, aka ce a kawo kuɗi za a je a ga manya? Mai shayi ya bayar, mai wankin hula ya bayar, bazawara mai ƙosai ta kwance bakin zane ta bayar. Ba mu ce wani ya ci ba, Allah ne masani, kuma zato zunubi ne. Amma ba a taɓa tsayawa bayan sallah an karanta mana nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya rage ba. Kuma ba mu taɓa jin an fara da masu gidajen haya goma ba kafin a zo kan mai ɗaki ɗaya. Mu limamai ma kada mu cire kanmu, don mu ake kira mu yi addu'ar naɗi, mu shafa fatiha, hoton ya nuna malamai sun yarda. Wannan karon muna roƙon 'yan uwanmu malamai kada a shafa fatihar sai an ji sharuɗɗan da baki, a gaban jama'a: lissafin duk kuɗin da aka tara a karanta shi a fili, masu hali su fara bayarwa, kuma ba za a kai sunan unguwa ko'ina a yi ciniki da shi ba sai dattawa sun sani.

Dattawa sun sa zama ranar Asabar bayan sallar La'asar a harabar babban masallaci. Muna roƙon masu neman kujerar su zo da kansu, kada a aiko wakili. Wanda littafin karo-karon bara yake hannunsa ya taho da shi. A kuma shimfiɗa tabarma ta gefen mata, a aika a gaya wa masu abincin bakin tasha, tun da su ma sunayensu suna cikin littafin.